Ƙurajen Fuska: A San Matakinsu Kafin a Nemi Maganinsu

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci ɗan Adam ya kuma kyautata surarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan fitowa mun ga ya dace mu tsaya a kan wata matsala wadda da wuya a sami gidan da ba ta leƙa ba, amma ba a cika zama a yi maganarta ba saboda ana ganin ƙarama ce. Matsalar kuwa ita ce ƙurajen fuska, waɗanda wasu ke ce wa ƙurajen balaga, likitoci kuma suke kira acné da Faransanci.

Mun san wata yarinya mai shekara 16, ɗalibar makarantar islamiyya, wadda a da ita ce a sahun gaba wajen hadda. Da ƙuraje suka feso mata sai ta koma can baya, ta ja mayafi har bakin ido, ta daina ɗaga hannu. Da ta kai kuka wurin mahaifiyarta, sai aka ce mata: "Haba ɗiyata, ai na balaga ne, mu ma mun yi su. Ki bar su, in kin yi aure za su tafi." Ta ce: "Inna, waɗannan fa ciwo suke yi, ko kwanciya a kansu ba na iyawa." Aka yi dariya, magana ta wuce. Daga nan wata ƙawarta ta kawo mata wani ɗan man shafawa na kasuwa. Mako biyu fuska ta yi sumul har da haske, wata uku ƙuraje suka dawo ninkin na da. Lokacin da aka kai ta wurin likitan fata shekara ta zagayo. An yi magani, ƙurajen sun kwanta da ikon Allah, amma ramukan da suka bari a kumatunta suna nan.

Mahaifiyar nan ba ta faɗi ƙarya ba, domin yawancin ƙurajen samartaka sukan lafa da kansu. Kuskurenta ɗaya ne: ta ɗauka duk ƙuraje iri ɗaya ne. Alhali kuwa mataki-mataki ne, kowane mataki da maganinsa, kuma akwai matakin da jira a cikinsa hasara ce wadda ba a mayarwa.

Daga ina suke fitowa?

A fatar mutum, kowane silin gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami, a gefen ramin kuma akwai wata ƴar jaka mai tsatso maiƙo domin fata ta yi laushi. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa a fuska da ƙirji da gadon baya, shi ya sa nan ne ƙurajen suka fi zama. Idan balaga ta zo, sinadaran jiki da ake kira androjen sukan ƙaru ga namiji da mace, sai jakunkunan su girma, maiƙo ya yawaita. Maiƙon nan ya haɗu da matattun ɓawon fata, sai bakin ramin ya toshe.

In ramin ya toshe ruf, sai a ga ɗan ƙurji mai farin kai. In bakinsa a buɗe yake, sai abin da ke ciki ya yi baƙi. Wannan baƙin ba dauɗa ba ce. Iska ce ta taɓa shi ya sauya launi, kamar yadda goro ke rinewa in an ɓare shi an ajiye. A cikin ramin da ya toshe akwai wata ƙwayar bakteriya wadda ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje. Da ta sami maiƙo a rufe sai ta hayayyafa, jiki ya tashi yaƙi da ita, wurin ya kumbura ya yi ja, wani lokaci ya tara mugunya. In bangon ramin ya fashe ta can ciki, sai kumburin ya nutsa cikin fata ya zama ƙullutu mai tauri da zafi. Irin wannan shi ne mai barin tabo.

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi fama da ƙurajen nan, kaɗan ko da yawa. Ana gadonsu: in uwa ko uba sun yi masu tsanani, ya kamata a sa ido a kan ƴaƴa tun da wuri. Ba a ɗaukarsu daga wani, ba ƙazanta ke kawo su ba, kuma ba alamar lalacewar tarbiyya ba ce. Aure ma ba ya warkar da su. Shekaru ne ke tafiya har jiki ya daidaita, ga shi kuma akwai matan aure da yawa da ke fama da su har bayan shekara 30.

Matakai uku

A shekarar 2011 wasu likitocin fata na ƙasar Faransa sun fitar da ma'auni mai daraja 0 zuwa 5, wanda ake auna tsananin ƙurajen fuska da shi. Domin amfanin gida, za mu dunƙule shi zuwa mataki uku. A zaunar da yaro a hasken rana, a dubi fuskarsa da idon rahama, a kuma tambaye shi halin da bayansa da ƙirjinsa suke ciki, domin sau da yawa abin da riga ta rufe ya fi na fili muni.

Mataki na farko shi ne mai sauƙi. Yawancin abin da za a gani masu farin kai ne da masu baƙin kai, da ƴan jajaye jefi-jefi, ba su kai rabin fuska ba, ba su da zafi sosai, ba su kuma barin rami.

Mataki na biyu shi ne matsakaici. Ƙurajen sun mamaye fiye da rabin fuska, jajaye da masu mugunya sun yi yawa, ana ganinsu daga nesa, wataƙila sun sauka kafaɗa da baya, kuma kowane ɗaya in ya warke sai ya bar baƙin tabo.

Mataki na uku shi ne mai tsanani. Fuska duka ta kamu, ko kuma akwai ƙulluttai masu zurfi da tauri, waɗanda sukan yi makonni ba su fashe ba, ba su kuma kwanta ba. Wasu su haɗe da juna su riƙa tsiyaya. Suna hana barci, suna barin ramuka ko tabo mai tudu.

Akwai abu biyu da ke ɗaga mataki ko da ƙurajen ba su da yawa. Na farko, in an ga rami ko tabo mai tudu ya fara bayyana. Na biyu, in an ga yaro ya shiga ƙunci, yana gudun mutane, yana ƙin makaranta. Duk inda aka ga ɗayan biyun nan, kada a tsaya ƙidaya, a tafi asibiti.

Maganin mataki na farko

Tushen magani a kowane mataki shi ne sauƙaƙa wa fata. A wanke fuska da sabulu marar kaifi sau biyu a yini, safe da dare, da tafin hannu, ba da soso ba. Dirzawa ba ta buɗe ramin da ya toshe, sai dai ta ƙara kumburi. A nisanci mai mai kauri a fuska, a kuma lura da man kitso da basilin, domin sukan gangaro goshi su haifar da ƙananan ƙuraje a layin gashi. A riƙa wanke ɗankwali da hijabi da rigar matashin kai akai-akai, musamman a lokacin bazara. Samari masu sana'ar kabu-kabu su ma su kula da cikin hular kwano da igiyarta, inda zufa da gugar fata ke haɗuwa.

Maganin shafawa da aka fi sani iri biyu ne. Akwai feroksid na benzoyil, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 ko 10 cikin 100, wanda ke kashe ƙwayar bakteriyar nan. Mai ƙaramin ƙarfi ya isa a fara da shi, domin ya fi sauƙin raɗaɗi. Yana cin launin tufa, saboda haka a yi hattara da mayafi da tawul. Akwai kuma adafalen, daga dangin bitamin A, wanda ke buɗe ramuka ya hana sababbi toshewa. Mai ciki da mai neman ciki ba sa shafa adafalen da danginsa.

Yadda ake shafawa shi ne rabin maganin. Da dare ake yi, a kan busasshiyar fata, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga dukan fuska, a baza a duk wurin da ƙurajen ke fitowa, ba a kan ƙurji ɗaya-ɗaya ba, a kauce wa ido da leɓe. A fara da tsallake kwana ɗaya har fata ta saba. Bushewa da ɗan saɓar fata a makonnin farko ba abin tsoro ba ne, musamman da hunturu. Sai a rage yawan shafawa a nemi man laushi marar maiƙo.

A nan ne ake bukatar haƙuri. Ba a ganin sauyi kafin mako 6 zuwa 8, kuma ba a yanke wa magani hukunci sai ya cika wata 3. Da yawa daga cikin masu cewa sun gwada komai bai yi ba, in an bincika sai a tarar babu wanda suka riƙe ya kai mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa. In kuma fuska ta yi kyau, kada a yar da magani gaba ɗaya. Akan ci gaba da na shafawa domin kada su dawo.

Maganin mataki na biyu

Daga nan aiki ya koma hannun likita. Galibi yakan haɗa maganin shafawa da na sha, irin su doksisikilin, na tsawon wata 3 ko kusa da haka. Ba a shan wannan magani shi kaɗai ba tare da na shafawa ba, ba a kuma zarcewa da shi shekara da shekaru, domin ƙwayoyin cuta sukan saba da shi, ya daina aiki a kan ƙuraje da ma sauran cututtuka ranar da ake matuƙar bukatarsa. Mai ciki ba ta shansa, haka nan yaron da bai kai shekara 8 ba, saboda yana ɓata haƙori. Ana haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, ba a kwanciya nan take, in ba haka ba yakan ƙona maƙoshi. A raba shi da maganin ƙarin jini da na ƙwannafi da awa 2 zuwa 3, kuma a rage zama cikin rana.

Muna jan kunnen ƴan'uwa game da sayen kafso a hannun masu tallar magani a faranti, a sha na kwana uku a bari, ko a fasa a barbaɗa garin a fuska. Wannan ba ya warkarwa, sai dai ya koya wa ƙwayar cuta taurin kai.

Mata manya da ƙurajensu suka fi zama a haɓa da muƙamuƙi, suna tasowa gab da al'ada, nasu yana da alaƙa da sinadaran jiki, kuma akwai magungunan da likita ke bayarwa domin haka. In ƙurajen sun haɗu da rikicewar al'ada, da fitowar gashi a haɓa ko ƙirji, da ƙiba, to a faɗa wa likita duka ba tare da kunya ba, domin yana iya zama alamar wata matsala ta ƙwan mace wadda ke shafar haihuwa, kuma ana kula da ita.

Maganin mataki na uku

Ƙuraje masu ƙullutu ba sa jin sabulu, ba sa jin man shafawa shi kaɗai. Babban maganinsu shi ne izotiretinoyin, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1982. Yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙo, ana shansa kamar wata 4 zuwa 6 ko fiye bisa nauyin mutum, kuma da yawa daga waɗanda suka kammala shi ba sa sake komawa halin da suke a da. Ni'ima ce babba, amma tana da sharuɗɗa masu nauyi, shi ya sa likitan fata ne kaɗai ke rubuta shi.

Sharaɗi mafi girma ya shafi mata. Maganin nan yana nakasa ɗan tayi nakasa mai muni, a ƙwaƙwalwa da zuciya da fuska, ko da an sha na ƴan kwanaki ne. Dole a tabbatar babu ciki kafin a fara, a ɗauki matakin hana ɗaukarsa tun wata 1 kafin farawa, da duk tsawon shan, da wata 1 bayan gamawa, ana kuma gwaji kowane wata. Matar aure ta zauna da maigidanta su fahimci wannan tare, amaryar da bikinta ya kusa kuma ta gaya wa likita ranar da aka sa. Mai shayarwa ba ta shansa. Mai shansa ba ya ba da jini har sai wata 1 bayan ya gama, ba ya haɗa shi da doksisikilin, ba ya kuma ɗiban ko ƙwaya ɗaya ya ba ɗan'uwa ko ƙawa. Yana busar da leɓe da ido da cikin hanci, ana auna jini domin duba hanta da kitse, kuma in aka ga mai shansa ya shiga baƙin ciki ko halinsa ya sauya, a koma wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Tabo, da man da ke yaudara

Mu baƙar fata muna da wata damuwa ta daban. Duk inda fatarmu ta kumbura, takan bar baƙin tabo, har sau da yawa tabon ya fi ƙurjin damun mai shi. Wannan baƙin yakan dushe da kansa cikin watanni, wani lokaci fiye da shekara, muddin an hana sababbin ƙuraje fitowa, an kuma kare fuska daga rana da laima ko malfa ko man kariya. Akwai maganin shafawa mai suna asid azelayik da ke taimakawa a kan ƙuraje da tabo tare. Amma rami, da tabo mai tudu da ke tsirowa a muƙamuƙi da ƙirji da kafaɗa, waɗannan ba sa tafiya da kansu, gyaransu kuma yana da tsada da wahala. Rigakafinsu shi ne magani da wuri da kuma kame hannu, domin matsa ƙurji tura mugunya ne zuwa can cikin fata.

Neman kawar da tabon nan shi ke jefa ƴaƴanmu a hannun masu sayar da man ƙara haske. Yawancin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da kortizon mai ƙarfi, irin su kilobetazol da betametazon, wasu da idrokinon, wasu har da sinadarin merkur mai lahani ga ƙoda. Kortizon yana kwantar da ja da kumburi cikin ƴan kwanaki, shi ya sa ake yabonsa. Daga baya shi da kansa yake haifar da ƙuraje, ya sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da makero, in an daɗe ana shafa shi a jiki da yawa ya kai ga hawan jini da ciwon sukari. Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasar Kodebuwa ta haramta waɗannan mayuka a 2015. Garin neman gira kada a rasa ido. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa ta je wurin likita ta faɗi gaskiya, ta tafi da kwalin, domin bari farat ɗaya yakan sa fuska ta yi bore, sai an bi a hankali.

Haka nan a guji ɗora lemun tsami da tafarnuwa da toka da kanwa da man goge baki a kan ƙuraje. Ƙuna suke yi, ƙuna kuma tabo ce. Masu gyaran jikin amare su ma su sani, dilka da dirza a kan fuska mai jajayen ƙuraje ƙara mata ciwo ne. Game da abinci kuwa, bincike ya fi nuna hannu ga yawan sukari da lemun kwalba da kayan fulawa, da madara ga wasu mutane. Gujiya da ake yawan zargi ba a kama ta da laifi ba, saboda haka kada a hana yaro abincin da ke gina masa jiki a kan zato.

Alwala da azumi

Alwala sau biyar da ruwa zalla ba ta cutar da mai ƙuraje, ba a kuma bukatar sabulu a kowace alwala. Tun da da dare ake shafa magani, sai a bari bayan sallar isha'i, a wanke da asuba. A mazhabar Imamu Malik, fitar jini ko mugunya daga ƙurji ba ya warware alwala, kuma abin da ƙurji ya tsiyayar da kansa, ba matsa shi aka yi ba, an yi rangwame a kansa. Wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa.

A watan Ramadan, mai shan doksisikilin ya fi kyau ya sha bayan buɗa baki, maimakon da sahur in zai koma barci. Izotiretinoyin kuwa ya fi shiga jiki in an sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, saboda haka a haɗa shi da babban abincin dare, a kuma yawaita shan ruwa kafin alfijir. A sanar da likita tun azumi bai kama ba domin ya tsara lokutan.

Nauyin da ke kanmu

Ya ku iyaye, fuskar yaro ita ce abin da yake fita da shi gaban tsaransa kowace safiya, a shekarun da zuciya ta fi rauni. Likitoci sun tabbatar da cewa ƙuraje masu tsanani suna tafiya tare da ƙunci da ƙin shiga mutane. Allah Maɗaukaki ya hana mu izgili da jifan juna da munanan laƙabi a cikin Suratul Hujurat, aya ta 11. Wannan hani ya fara ne daga tsakar gidanmu, tsakanin wa da ƙane, tsakanin ya da ƙanwa, har da wasan kakanni da na taubasai in ya kai ga sosa zuciya. Malaman islamiyya da na boko su ma su sa ido a ajinsu.

Addininmu ya kwaɗaitar da neman magani, kuma neman sa ba ya cin karo da tawakkali. In ɗanka ko ɗiyarka ta kawo kukan fuskarta, a zauna a duba. In mataki na farko ne, a fara da sauƙaƙan matakai a ba su wata 3. In na biyu ne, ko na farkon ya ƙi ji, a je asibitin unguwa. In akwai ƙullutu ko rami, a nemi takardar zuwa wurin likitan fata a babban asibiti, ko da tafiyar ta kai Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Kuɗin mota na yini ɗaya ya fi sauƙi a kan tabon da za a ɗauka har tsufa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya kyautata halayenmu kamar yadda ya kyautata halittarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.